Tafiyar ƙafa ko keke: wanne ya fi wa mai ciwon gwiwa da mai jiran aikin tiyata?

Jama'a akwai wani abu da muke yi a ƙauyukanmu da yake cutar da dattawanmu, kuma wallahi da kyakkyawar niyya muke yinsa. Da zarar gwiwar Baba ta matsa masa, ko likita ya ce za'a yi masa aiki nan da wata biyu ko uku, sai kowa ya ce Baba ka huta, a shimfiɗa masa tabarma a zaure, a hana shi leƙa gona, masallacin da yake takawa da ƙafarsa ma a ce yaro ya ɗauke shi a babur. To a wannan zaman jiran ne jikin yake zubewa. Tsoho in ya yi kwana goma a kwance naman ƙafarsa raguwa yake yi har a iya aunawa a gani, kuma dawo da shi ya fi zubar da shi wuya nesa ba kusa ba. Sai ranar aiki ta zo a shiga da shi tiyata cinya ta zama kamar sillen kara, numfashi ba ƙarfi, a fito kuma ma'aikata su ce ya tashi ya taka, ya kasa, mu kuma mu ce aikin ne bai yi kyau ba.

Mu dai abin da muka sani shi ne sai mutum ya karye ko ɓarin jikinsa ya shanye ake kai shi gashi. Amma masu fisiyo, ma'aikatan gashin nan na asibiti, suna da aikin da suke yi tun kafin a kai ga haka, wato su shirya jikin mutum kafin a yanka shi, ko su ƙarfafa gaɓar da ta fara kuka tun bata kai shi ƙasa ba. Rabin wannan shiri shi ne motsa jikin da zai sa zuciya ta ɗan buga, numfashi ya ɗan hau. A birni sai a ce je ka wajen motsa jiki ka hau inji, ko ka shiga ruwa ka yi iyo. Mu nan ba mu da wannan, kuma dan Allah kada wani ya ce zai yi iyon a kududdufi ko a kwatar noman rani irin na wajen Kura da Kadawa ko fadamar Haɗejiya, tsargiya zai kwaso ya ƙara wa kansa wata cutar. Abin da ke hannunmu biyu ne, ƙafa da keke, shi ya sa nake so mu auna su.

Kafin nan mu san yawan da ake nema. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawarar da ta fitar a 2020 ta ce babba ya samu minti 150 zuwa 300 a sati na motsa jiki matsakaici, ya haɗa da ƙarfafa naman jiki kwana 2 a sati, wanda ya kai shekara 65 kuma ya ƙara da abin da zai gyara masa tsayuwa kada ya riƙa faɗuwa. Minti 150 ɗin nan rabin awa ne sau biyar a sati, kuma ba dole sai a haɗe ba, ko gutsi-gutsi aka yi yana shiga lissafi. Shi kuma matsakaicin ga yadda zaka gane shi ba sai da wata na'ura ba: kana iya hira da na kusa da kai amma in aka ce ka ja baitin waƙa ko ka yi doguwar ƙira'a numfashi ba zai kai ba. In kana hira kamar a kan dakali kake, ka ƙara sauri. In magana ta gagara sai haki, ka rage.

Na san wani zai ce ai ni manomi ne, wane motsa jiki kuma ya rage mini. Gaskiya ne noma aiki ne mai ƙarfi, amma duba ka gani, wata huɗu ne ko biyar, kuma a sunkuye ake yinsa, baya da gwiwa ne suke shan wahala. Da an kai amfani gida sai zaman majalisa har damina ta zagayo, kasuwar da iyayenmu suke takawa ko su je a keke yanzu babur ne, gonar ma babur ne. Shi ya sa zaka ga ciwon baya da na gwiwa sun fi tashi a farkon damina, jiki ya yi wata shida yana hutu rana ɗaya aka ɗora masa garma.

To mu fara da tafiyar ƙafa. Babbar fa'idarta ita ce ba ta cin ko sisi kuma ba wanda bai iya ba, namiji da mace, tsoho da yaro. Sannan tana ɗora wa ƙashi nauyi, shi kuma ƙashi da ɗaukar nauyi yake riƙe ƙwarinsa, wannan yana da muhimmanci sosai ga iyayenmu mata da suka daina al'ada domin su ne ƙashinsu ya fi saurin yin rauni. Tana kuma koya wa jiki tsayuwa a kan ƙasar da ba ta daidaita ba, kunya-kunyar gona, gargada, tsallake kwata. Abin da ya fi burge ni da ita shi ne, ita ce ainihin abin da za'a nema a wajen mutum bayan aiki. Ba wanda zai kawo maka keke gefen gadon asibiti, cewa za'a yi tashi ka taka zuwa ƙofa, domin tashin da wuri shi ke rage daskarewar jini a jijiyar ƙafa da taruwar majina a huhu. Wanda ya shiga da sabon tafiya a jikinsa, tashin ba zai zame masa baƙon abu ba. Haka wanda yake da niyyar aikin Hajji, Safa da Marwa kaɗai in ka haɗa zuwa bakwai ɗin ya kai kilomita 3, ba'a maganar ɗawafi da zuwa jifa, keke ba zai shirya maka tafin ƙafa da wannan ba.

Matsalarta kuma a fili take. Duk taku ɗaya gwiwa tana ɗaukar kusan ninki biyu zuwa uku na nauyin jikinka. Mai kilo 90 ka yi lissafi da kanka. In guringuntsin gwiwar ya riga ya cinye sosai, minti goma ma sai ka ga mutum yana ɗingishi, daga nan sai ya karkata nauyin ga ɗaya ƙafar ita ma ta fara ciwo, baya ya ɗauka. Ga kuma rairayi, musamman mu mutanen Jigawa da ƙafa ke nutsewa a yashi, tafiya a rairayi ta fi gajiyarwa kuma tana wahalar da idon sawu, gara a nemi burji ko filin makarantar firamare inda ƙasa ta daddale. Silifas ɗin wanka ma ba takalmin wannan tafiya ba ne, a samu kambas ko na gwanjo ne, ko sandal mai maɗauri a dunduniya. Wani abu da mutane da yawa suke yinsa a juye shi ne riƙon sanda: a hannun da ke ɗaya ɓangaren ake riƙewa, in gwiwar dama ce ke ciwo sanda a hannun hagu, su tafi gaba tare da ƙafar mai ciwon. Kuma ba abin kunya ba ne Baba ya dogara sanda, ya fi zama a zaure sau dubu.

Shi kuwa keke, a nan ne ya yi wa ƙafa fintinkau. Sirdi ne ke ɗauke da nauyinka, abin da ke sauka a gwiwa bai cika wuce nauyin jikinka da wani abu mai yawa ba, in dai a hanya miƙaƙƙiya ce ba hawa ba. Ga shi gwiwa tana ta lanƙwasawa tana miƙewa sau ɗaruruwa ba tare da duka ba, ruwan da ke cikin gaɓar yana zagayawa, tsamin nan na safe yana saki. Mutumin da minti goma na tafiya ke gagararsa sai ka ga ya yi rabin awa a keke lafiya lau, zuciya ta samu abin da take so. Mai jiki sosai, ko wanda aka ce masa gwiwar ta kai a sauya ta, keke ne hanyar da zai bi ya samu gumi ba tare da ya kwana yana juyi ba. In kuma nauyin ya ɗan ragu riba biyu ce, domin duk kilo 1 da ya sauka yana rage wa gwiwa kusan kilo 4 a kowane taku.

Amma fa sai an gyara sirdin. Yawancin kekunan ƙauye sirdinsu a ƙasa yake saboda yara ne ke hawa su je ɗebo ruwa, babba in ya hau gwiwarsa har tana neman taɓa kan keken, wannan kuwa shi ke kawo ciwo a gaban gwiwa. Ka je wajen mai gyaran keke ya ɗaga maka, ma'aunin shi ne in ka zauna ka ɗora dunduniya a kan feda tana can ƙasa, ƙafar ta miƙe sosai, yadda in ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar zata ɗan lanƙwasa kaɗan. A duba burki, a sa wa kaca mai, a cika taya da iska. Kuma a sauke kaya daga kariya, hawa keke da jarka huɗu ko buhun gero a baya wannan dako ne, gwiwa mai ciwo ba zata ji daɗinsa ba. Kekunanmu irin su Phoenix ba su da giya, to in an zo tudu ko yashi a sauka a tura, kada a miƙe tsaye a kan feda ana dannawa da ƙarfi.

Inda nake jin tsoron keke shi ne faɗuwa. Dattijon da rabonsa da keke shekara ashirin, ido ya fara raguwa, ga rairayin da ke karkatar da taya, ga 'yan acaɓa, ga awaki da ke fitowa ba sallama, in ya faɗi ya karya ƙugu to an bar maganar gwiwa an shiga wata babbar. A irin wannan ni ba zan ba shi shawarar keke ba ko da gwiwar tana so. Sannan sai gwiwa tana iya lanƙwasawa ta ɗan wuce yadda take in mutum ya zauna a kujera kafin feda ta zagayo, wanda tasa ta sanƙare ba zai iya ba. Mai basir da ya tsananta, ko mai matsalar fitsari irin ta dattawa, ko mai ƙaba da gwaiwa da ke jiran aiki, zaman sirdi da yunƙurin danna feda ba lallai su yi masa daɗi ba, ya tambayi likitan da zai yi masa aikin tukuna. Kuma keke ba ya ƙara wa ƙashi ƙwari kamar tafiya.

Sai maganar iyayenmu mata da matanmu, wanda su ne ma ciwon gwiwar ya fi kamawa. Mu faɗi gaskiya, Inna ko Goggo ba zasu hau keke a cikin gari ba, don haka su zaɓinsu ƙafa ce, abin tambaya kawai shi ne a ina. Tsakar gida ta isa wallahi, a zagaya ta da ɗan sauri daga bakin rijiya zuwa madafi zuwa turken dabbobi a dawo, minti goma bayan an gama aikin safe, wani goman da yamma. Zuwa Islamiyya da barka da gaisuwar mara lafiya a cikin unguwa a taka a daina kiran mai babur. Daka da surfe ma suna sa zuciya ta buga sosai, sai dai mai jiran aikin ciki ko mai ƙabar cibiya ta bar wa yara taɓarya. Maza dan Allah mu sauƙaƙa wannan, in matarka ta ce zata riƙa takawa gidan 'yar uwarta da la'asar saboda likita ya ce ta motsa, magani take sha.

Irin aikin da za'a yi ma yana canza lissafi. In na gwiwa ne ko na ƙugu, abin da aka fi buƙata ƙarfin cinya. In na ciki ne, huhu ne abin kula, domin bayan an yanka ciki mutum yana tsoron jan numfashi da tari saboda zafi, majina ta kwanta, nimoniya ta shigo. Akwai binciken da aka buga a 2018 da aka yi a asibitocin Ostareliya da Niyu Zilan a kan masu jiran aikin saman ciki, zama ɗaya tak na kamar rabin awa da mai fisiyo kafin aiki, ya koya musu yadda zasu ja numfashi mai zurfi da yadda zasu yi tari da zarar sun farfaɗo, ya rage matsalar huhu bayan aiki da kusan rabi. Zama ɗaya fa. Mai shan sigari kuma ya ajiye ta aƙalla sati 4 kafin aiki, ciwon ya fi saurin warkewa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ƙafa da keke duka ba zasu ba ka ba, wato ƙarfafa naman gaban cinya, shi ne mai riƙe gwiwa. Lokacin da na raka kawuna wajen masu gashi a birni, ya zaci za'a sa masa wuta ne a gasa gwiwar ya dawo gida. Matar da ta duba shi sai ta sa shi ya kwanta rigingine, ta naɗe tawul ta tura ƙarƙashin gwiwar, ta ce Baba danna tawul ɗin nan ƙasa kamar zaka murƙushe shi, ka ƙirga biyar ka saki. Ta ɗora yatsunta biyu a saman ƙoƙon gwiwar, a lafiyayyar ƙafar naman ya taso ya yi tauri, a mai ciwon kuwa rawa kawai yake yi a ƙarƙashin fata. Ta kama hannunsa ta ɗora a wajen ya ji da kansa, ya yi shiru can ya ce ikon Allah, ashe ƙafar ce ta rame ban sani ba. Daga nan ta koya masa ɗaga ƙafar a miƙe kamar taƙi ɗaya daga shimfiɗa, da jawo dunduniya zuwa mazaunai a mayar, da kaɗa tafin ƙafa sama da ƙasa, da tashi daga kan benci a zauna a hankali ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma-goma. Ba wanda yake buƙatar inji a ciki, tabarma da bencin zaure sun wadatar.

Shi ya sa in aka tambaye ni a je fisiyo ne ko a yi a gida, sai in ce a je ko sau ɗaya ne ko biyu, sauran a yi a gida. Na san kuɗin mota ba wasa ba ne yanzu, mutumin da ke ƙauyen Gumel ko Sumaila ba zai iya zuwa birni sau uku a sati ba. Amma zuwa ɗayan nan shi zai nuna wane motsi ya dace da kai wanne zai cutar da kai, tunda ba kowane ciwon gwiwa ne iri ɗaya ba. Asibitin Ƙashi na Dala da na Malam Aminu Kano da na Murtala suna da sashen gashi, a Jigawa akwai asibitin tarayya na Birnin Kudu da na Rasheed Shekoni a Dutse. In ka je ganin likitan da zai yi aikin, ka roƙe shi ya tura ka wajensu a ranar, a yi tafiya ɗaya. Ku je da yaro mai waya ya nemi izini ya ɗauki bidiyon motsin, domin in an dawo gida mantawa ake yi. In ka auna kuɗin zuwan nan da abin da ake kashewa a kemis wata da watanni ana sayen diclofenac, wanda yawan shansa ke cin ciki ya taɓa ƙoda musamman ga tsoho mai hawan jini, zaka ga zuwan ya fi araha. Ƙaho da tsaga kuwa ba sa ƙara wa cinya ƙarfi, kuma mai jiran aiki bai kamata a yi masa rauni a fatar wajen da za'a yanka ba.

Kada kuma in yi muku alƙawarin da ba haka ba. Guringuntsin da ya cinye ba ya dawowa da motsa jiki, wanda aikinsa ya zama dole zai sha aikinsa. Abin da shirin ke yi shi ne ya rage ciwo kafin lokacin, ya sa satuttukan farko bayan aiki su zo da sauƙi, wanda kuma ciwon nasa bai yi nisa ba yana iya jan shekaru yana harkarsa.

Yadda abin zai ɗore shi ne a ɗaura shi a jikin abin da aka saba. An fito sallar asuba, maimakon a koma shimfiɗa a miƙe hanyar bayan gari minti biyar a juyo, goma kenan. Bayan la'asar wani goman, bayan isha'i in akwai fitila da abokin tafiya wani goman, rabin awa ta cika ba'a ji ba. Wanda ya daɗe a zaune ya fara da minti biyar ma ya isa, duk sati ya ƙara kaɗan. A watannin Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40 kada a fita da rana tsaka, da hunturu mai asma ya bari ƙura ta lafa ya rufe hanci, da azumi a bari sai an sha ruwa. Ɗan ciwon da zai lafa kafin wayewar gari ba komai, amma in gwiwa ta kwana ta kumbura ta yi zafi, an yi yawa, a rage rabi, kada a daina gaba ɗaya. Mai ciwon suga ya sa dabino a aljihu, ya duba tafin ƙafarsa duk dare ko ƙaya ta shiga bai ji ba. Mai hawan jini a auna shi tukuna. In kuwa aka ji ƙirji ya ɗaure, ko jiri, ko numfashi ya sarƙe fiye da ƙima, a tsaya nan take a nufi asibiti, wannan ba na jurewa ba ne.

'Yan ƙwallon unguwa ku ma kuna ciki, ku da kuke sauka daga babur ku faɗa fili ba ɗumama jiki. Akwai tsarin ɗumama jiki na minti 20 da ake kira FIFA 11+, an gwada shi an ga yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku, kocinku ya nema a waya kyauta ne.

To wanne za'a ɗauka? In kana iya tafiyar minti goma sha biyar ba ɗingishi, ko shekaru sun ja ido ya ragu, ko mace ce, ko aikin ciki ake jira, ƙafa ce taka, da sanda in ta kama. In jiki ya yi nauyi, tafiya tana sa gwiwa ta kumbura, kuma dama hannunka bai bar keke ba, ga hanyar burji mai kyau a kusa, to hau keke a ɗaga sirdi, amma ko a haka ka riƙa taka ƙafa zuwa masallaci kada jiki ya manta. Wanda Allah ya hore masa duka biyun ya riƙa sauyawa, yau ƙafa gobe keke, gwiwar ta samu hutun duka rana ɗaya. Motsin cinyar nan kuwa na tabarma da benci duk wanda aka zaɓa sai an haɗa da shi, safe da yamma, har zuwa ranar da likita ya ce a zo a kwanta.